DARASIN FIƘIHU: HAƘƘIN MAI RIƘE DA TAKARDAR KAYA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da ke faruwa kullum a kasuwannin hatsi irin su Dawanau. Mutum zai sayi buhu 50 na masara, ya biya, a rubuta masa takarda, kayan kuwa suna sito ba a auna masa ba. Kafin la'asar farashi ya motsa, sai ya sayar da takardar ga wani, wanin ma ya sayar. To mene ne hukunci?

Ka sani mas'alar nan ba sabuwa ba ce. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo labarinta a Muwaɗɗa. A zamanin Marwanu ɗan Hakamu an raba wa mutanen Madina takardu da ake kira "sukuk", domin karɓar abinci daga Jar, wata tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya. Sai mutane suka shiga cinikin takardun a tsakaninsu tun ba su karɓi abincin ba. Zaidu ɗan Sabitu, Allah Ya yarda da shi, da wani sahabi suka je suka yi wa Marwanu inkari, suka danganta abin da riba. Nan take ya sa dogarai suka bi takardun suka mayar wa masu su. Dalili shi ne Annabi (S.A.W.) ya hana wanda ya sayi abinci ya sayar kafin ya karɓe shi.

Ga abin da za ka riƙe a mazhabarmu ta Malikiyya:

1. Takarda shaida ce, ba ita ce kayan ba. Haƙƙinka ne a miƙa maka abin da ke rubuce, adadinsa da irinsa, ba ragi.

2. Abin da aka saya da awo ko ma'auni ko ƙirga yana wuyan mai sayarwa har sai ya auna maka. In sito ya ƙone kafin haka, hasarar tasa ce, ba taka ba.

3. In abinci ne ka saya da awo, ba ya halatta ka sayar sai ka karɓa. Amma kana iya warware cinikin a mayar maka da kuɗinka, ko ka bar wa wani a kan yadda ka saya, ko ka sa shi tarayya, ba tare da ƙari ba.

4. In kyauta aka ba ka ko sadaka ko gado, kana iya sayarwa kafin karɓa. Sai dai wanda ya saya daga hannunka, shi dole ya karɓa tukuna.

5. In ba abinci ba ne, kamar atamfa ko siminti, Malik ya halatta sayarwa kafin karɓa. Imamu Shafi'i kuwa ya hana a kowane irin kaya.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada zumuɗin riba ya sa ka ci haram. Ka je sito, ka tsaya a auna maka, sannan ka nemi mai saye. Ɗalibai kuma a duba babin ciniki a Risala kafin darasi na gaba.

Allah Ya ciyar da mu halal. Wallahu a'alamu.