Yadda Ake Bibiyar Cinikin Hannun Jarin Shugabannin Kamfani

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa masu zuba jari ke sa ido kan daraktoci da manyan jami'an kamfani, su ga ko suna sayen hannun jarin kamfaninsu ko suna rabuwa da shi. A Amurka doka ta tilasta musu, da duk mai riƙe da fiye da kashi 10 cikin ɗari, su sanar da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari duk cinikin da suka yi cikin kwana 2 na aiki, a takardar Form 4.

Da farko ka shiga EDGAR, rumbun hukumar a intanet. Kyauta ne. Rubuta sunan kamfanin, ka nemo Form 4.

Sai ka duba harafin da ke gefen cinikin, domin nan mutane da yawa ke ruɗewa. P na nufin mutumin ya saya da kuɗin aljihunsa. S sayarwa ce. A kuwa kamfanin ne ya ba shi a matsayin lada, bai fitar da ko sisi ba. P ɗin nan nake nema. Mutum kan sayar don biyan haraji, ko gina gida, ko kuɗin makarantar yara, wani lokacin ma bisa tsarin sayarwa na 10b5-1 da ya tsara tun watanni baya. Amma ba ya saye sai yana sa ran riba. Ga kuma dokar da ke ƙwace ribarsa in ya saya ya sayar cikin wata 6, don haka mai saye da niyyar zama ya shigo.

Daga nan auna girman sayen da abin da mutumin ya mallaka. A Fabrairun 2016, farashi na faɗuwa, Jamie Dimon, shugaban JPMorgan, ya sayi hannun jari 500,000 na kimanin dala miliyan 26. Irin wannan ba don ganin ido ba ne. In kuma daraktoci uku ko huɗu suka saya cikin mako guda, abin ya fi ƙarfi.

Kasuwar NGX ta Legas ma tana wallafa irin wannan sanarwa a shafinta.

Sai dai shugabannin ma sukan yi asara. Kafin ka kira dillalinka, karanta rahoton ribar kamfanin da bashin da ke kansa, kuma kada ka taɓa kuɗin cefane.