Gicciyen Ƙarfe: Lambar Bajintar da Ba a Yi ta da Zinariya ba

A bisa al'ada, sarakunan Turai da zinariya da duwatsu masu daraja suke ƙera lambobin girma. Amma lambar bajinta da ta fi shahara a tarihin Jamus, wato Gicciyen Ƙarfe, da baƙin ƙarfe aka yi ta, irin wanda ake zuba tukwane da shi. Wannan zaɓi yana da dalili na siyasa, kuma ya jawo wa maƙera matsalar da sai ilimin ƙarafa ne ya warware ta.

A lokacin babu ƙasa guda mai suna Jamus, sai masarautu barkatai, ɗaya daga cikin manyansu ita ce Furushiya. A shekarar 1806 Napoleon na Faransa ya murƙushe sojojinta a Jena da Auerstedt, sulhun Tilsit na 1807 kuma ya raba ta da kusan rabin ƙasarta, ga tara mai nauyi. Da rundunar Napoleon ta halaka a Rasha a 1812, sai Furushiya ta ga dama ta samu. A watan Maris na 1813, a birnin Breslau (Wrocław na ƙasar Folan a yau), Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya kafa wannan lamba. Takardar kafawar tana ɗauke da kwanan wata 10 ga Maris, ranar haihuwar matarsa Sarauniya Luise, wadda ta rasu a 1810.

Baitulmali ya bushe. Mata suna miƙa sarƙoƙinsu da zobbansu na zinariya domin yaƙi, ana ba su na ƙarfe a madadi. Saboda haka lambar ƙarfe ta dace da zamanin tsanani. Wani sabon abu kuma shi ne, ba ta duba muƙami. Kafin nan babbar lambar Furushiya, Pour le Mérite, hafsoshi kaɗai ake ba wa. Wannan kuwa kurtu da janar kowa yana iya samunta.

Sarki ne ya yi zanen farko, mai tsara gine-gine Karl Friedrich Schinkel ya daidaita shi. Gicciye ne mai hannuwa huɗu daidai wa daida, kowane siriri a tsakiya, mai faɗi a baki. Launinsa, baƙi da fari, yana tuna baƙin gicciyen da mayaƙan Tutonik suke sa wa a kan fararen alkyabbunsu, kuma su ne launukan Furushiya. Fuska ɗaya babu komai a kanta; ɗayar tana da kambi, da haruffan FW, da ganye uku na itacen ok, da shekarar 1813. Mai daraja ta biyu ana rataye ta da baƙin ƙyalle mai farin ratsi, ta ɗaya ana manna ta a ƙirjin hagu, sai Babban Gicciye na manyan kwamandoji.

A nan ne ɗalibin kimiyya zai tsaya. Ƙarfen zubi yana ɗauke da sinadarin kabon kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Kabon ɗin yana sauke zafin narkewa daga digiri 1538 na tsantsar ƙarfe zuwa kusan 1200, yana kuma sa narkakken ƙarfen ya malala ya cika kowane lungu na mazubi, har jijiyar ganye ta fito. Sai dai yana da gautsi: in ya faɗi ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi. Ga kuma tsatsa idan ya gamu da danshi da iska, shi ya sa ake baƙanta shi da shafi. Azurfa kuwa tana da taushi, tana narkewa a digiri 962, kuma liƙa ta kai tsaye a jikin ƙarfen zubi aiki ne mai wuya. Dabarar da aka yi ita ce a ƙera firam biyu na azurfa, a sa ƙarfen a tsakani, a liƙe azurfa da azurfa ta gefe. Ƙarfen ba a liƙe yake ba, riƙe shi kawai aka yi. Saboda haka wasu tsofaffin gicciyen sukan yi ɗan motsi idan an girgiza su. Firam ɗin ba ado ne kaɗai ba, garkuwa ne ga gefunan da suka fi saurin ɓantarewa.

Ba a bayar da lambar sai lokacin babban yaƙi. An farfaɗo da ita a 1870 domin yaƙi da Faransa, sannan a 1914, inda aka raba miliyoyi har darajarta ta ragu. A 1939 Hitler ya mayar da ita lambar Jamus baki ɗaya, ya ɗora mata tambarin Nazi a tsakiya. Dokar Jamus ta Yamma ta 1957 ta yarda tsofaffin sojoji su sa ta, amma sai an cire wannan tambari an maye gurbinsa da ganyen ok. Yanzu ba a bayar da ita, sai dai siffarta tana nan a jikin tankoki da jiragen saman rundunar Jamus.