Shin Taurin Kan Matasa Ɗaya Ne A Ko'ina?

Wata mai sauraronmu daga Jidda tana tambaya: taurin kan da ɗanta mai shekara 15 ya ɗauko, halin yaran Saudiyya ne ko haka matasa suke a ko'ina?

To Hajiya, masana sun duba wannan. A 1991 Alice Schlegel da Herbert Barry na Amurka suka wallafa nazari kan al'ummomi 186. Sun gano cewa kusan ko'ina an san lokacin balaga a matsayin mataki na daban, amma faɗa mai zafi da iyaye bai zama ruwan dare ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, fitina ta fi yawa inda samari ke wuni da sa'o'insu, nesa da manyan maza.

Wannan ya shafi Hausawan Jidda sosai. Yaro na jin Larabci a waje, Hausa a gida, mahaifi ya fita neman abinci tun asuba, kawunnai kuwa suna Kano ko Maraɗi. Ki samo masa babba mai mutunci, malami ko maigidan sana'a, da zai riƙa zama da shi. Idan ya daina barci ko cin abinci, ku ga likita.