Kafin Ka Shiga Taron Bidiyo: Darasi Kan Sabunta Manhaja

A hutun da ya wuce ina gida Kongolam aka sa mini ganawar neman aiki ta Zoom, ƙarfe 10 na safe. Saura minti biyar na danna, sai manhajar ta ce ba shiga sai na sabunta ta. Ga sabis yana rawa, don mu a bakin iyaka waya takan kama layin Nijar. Kafin in gama saukewa an wuce sunana. Shi ya sa na rubuta wannan darasi, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Abu uku ne ke hawa kan juna: na'urar kanta, babbar manhajar da ke tafiyar da ita kamar Android ko Windows, sai manhajar taron, irin su Zoom da Google Meet. Ta sama ba ta aiki sai ta ƙasa ta iya ɗaukarta. In wayar ta tsufa har kamfaninta ya daina turo mata sabon Android, wata rana manhajar taron za ta ƙi ta, ko da ba ta lalace ba.

Ba sharrin kamfani ba ne zalla. Sabuntawa tana toshe ƙofofin da masu kutse ke bi. Tun Nuwamba 2022 Zoom ke ɗaga mafi ƙarancin sigar da yake karɓa duk bayan wata uku. WhatsApp ya daina aiki a Android da bai kai 5.0 ba tun Oktoba 2023. Microsoft kuma ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, wanda da yawa daga kwamfutocinmu na hannu ke kai.

To me za ka yi?

1. Shiga setin, wajen bayanin waya, ka ga lambar Android ɗinka. In za ka sayi ta hannu a kasuwar Daura, duba wannan kafin ka tambayi kyamara.
2. Ka sabunta tun daren jajibiri, lokacin da sabis ya fi sauƙi. Rage hotuna da bidiyo, don waya cike ba ta karɓar sabuntawa.
3. In kana kusa da boda, zaɓi layinka da hannu a setin, kada ka bar waya ta zaɓa maka.
4. Gwada murya da kyamara da wani abokinka.
5. In manhaja ta ƙi a kwamfuta, buɗe taron ta Chrome.

Malam ko mai ɗaukar aiki ba zai jira ka ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wanda ya shirya tun dare ba ya rawar kunya.