Darasin Kimiyya: Zaɓen Gora da Kwalba don Adana Zoɓo da Kunu a Ƙaramin Wuri

Gabatarwa

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan mazubi ne. A Gozaki da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kafur, har zuwa Malumfashi da Funtuwa, da wuya a sami unguwar da babu mai yin zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya ko lemon citta na sayarwa. Yawancinsu ba su da babban firji. Kula ɗaya ce da ƙanƙarar saye, ko ƙaramin firjin da ake raba shi da miya da nama. A ƙarshen darasin nan za ku iya bayyana abin da ke sa gora ta kumbura, da irin mazubin da ya dace da kowane abin sha, da yadda ake jera gora ta yadda ƙaramin wuri zai ci da yawa.

Kashi na ɗaya: me ke faruwa cikin gorar da aka rufe?

Duk abin sha mai zaƙi da aka haɗa a gida yana ɗauke da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Suna zuwa daga hatsi, daga ruwa, daga hannu, daga rariya da mazurari. Iri biyu ne suka fi shafarmu. Na farko bakteriya masu sa tsami, su ne ke mai da madara nono, su ne kuma ke ba kunun zaƙi ɗan tsamin nan nasa. Na biyu yis, irin wanda ke kumbura fanke da burodi. Masanin Faransa Luwi Fasto ne ya nuna, tun daga 1857, cewa tsamin abinci aikin halittu ne masu rai.

Yis yana cin sukari ya fitar da abu biyu: barasa da iskar kabon dayoksaid. Giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iskar, wadda a zafi irin namu za ta cika wuri mai kusan lita 50. Mu sauƙaƙa lissafin: ƙaramin cokalin shayi ɗaya na sukari, wato kamar giram 4, yana iya ba da iska wajen lita ɗaya. Gorar zoɓo ta rabin lita kuwa takan sha cokali da yawa. Ko da cokali ɗaya tak yis ya cinye, iskar da ta fito ta ninka girman gorar sau biyu, ga shi an ɗaure murfi tamau.

Wani ɓangare na iskar yana narkewa cikin ruwan, sauran ya taru a sama yana tura bango da murfi. Ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska, mai zafi kuma yana sakinta. Shi ya sa gorar da ta kwana lafiya cikin ƙanƙara takan yi tauri idan ta wuni a rana ranar kasuwa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, aikin yis da bakteriya yana ƙara sauri ƙwarai.

Da wannan aikin na yis ake samun burukutu daga dawa. Masu dafa shi ba sa rufe shi a kwalba, a buɗaɗɗiyar tukunya suke barinsa su sayar a ƙwarya, domin yana ci gaba da fitar da iska. Magabata ma sun lura da alaƙar mazubi da tsami. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an hana wakilan ƙabilar Abdulƙais jiƙa dabino a wasu mazubai huɗu, ciki har da gorar duma, malamai suka ce saboda jiƙon yana saurin juyewa a cikinsu. Daga baya aka halatta kowane mazubi, aka bar hani a kan abin da ke sa maye. Ke nan mai zoɓon da ta bar kayanta ya kwana biyu a zafi tana fuskantar asara biyu: gorar za ta iya fashewa, abin shan kuma ya fara zama abin da ba shi ta yi niyya ba.

Kashi na biyu: nau'o'in mazubi

1. *Gorar lemo mai gas.* Ku juya ta ku duba gindinta, za ku ga lamba 1 cikin alama mai kusurwa uku, wani lokaci da haruffan PET. Wani injiniyan Amurka, Nataniyel Wayet, shi ya yi wa irin wannan gora rajista a 1973. Jikinta mai kauri ne, gindinta yana da ƙafafu biyar, an yi ta ne don ta jure matsi mai ninka na iskar waje sau uku ko huɗu. Babbar fa'idarta ita ce tana ba da labari: idan ka matsa ta da yatsa ka ji ta yi tauri, abin ciki ya fara aiki.

2. *Gorar ruwan sha.* Robarsu ɗaya da ta lemo, amma ta fi sirantaka, domin ba a yi ta don matsi ba. Ta isa ga abin da za a sha a yini ɗaya cikin sanyi. Idan ya wuce haka sai gindi ya turo waje, ta kasa tsayuwa, murfi ya fara yoyo.

3. *Kwalbar gilashi.* Ba ta riƙe wari, ba ta karcewa da sauƙi, ana iya tafasa ta. Mai ruwan ƙasa-ƙasa, irin ta lemon malt, tana tare haske, haske kuwa yana kashe jan launin zoɓo. Amma tana da nauyi, kaurinta yana cin wuri, ba ta nuna alamar matsi, idan kuma ta fashe tana jin rauni. Murfinta na ƙarfe mai haƙora, wanda Wiliyam Fenta ya ƙirƙiro a 1892, sau ɗaya yake aiki. Kwalbar magani ko ta turare ba ta cikin lissafi.

4. *Jarka.* Yawanci lambarta 2. Mai kusurwa huɗu ce, ta fi kowa zama daidai a lungu. Sai dai shimfiɗaɗɗen bango ba ya jure matsi, kumbura yake yi, alhali zagayayyen bango yana raba matsin daidai ko'ina. Jarka ta dace da ɗaukar kunu zuwa wurin biki ko suna inda za a shanye nan take, ba ta dace da ajiya ba.

Ga gargaɗi na musamman ga yankinmu na noman masara, dawa, auduga da waken suya. Kowace damina gorunan maganin ciyawa da na ƙwari suna cika gonaki, masu kauri, masu murfi mai kyau. Kada a zuba abin sha a cikinsu ko sau nawa aka wanke, domin guba tana shiga jikin robar. Ƙa'idar ita ce a ɗauraye su sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, sannan a huda su don kada wani ya ɗauka.

Kashi na uku: lissafin wuri

A ce cikin kula yana da tsawon santimita 40 da faɗin 30, kowace gorar rabin lita kuma faɗinta santimita 6.5 ne. Idan aka jera su sahu-sahu, kowace a bayan 'yar'uwarta, sahu 4 za a samu, kowane da gora 6, jimla 24, wato lita 12. Idan kuwa aka gusa sahu na biyu kowace gora ta faɗa tsakanin biyu na gabanta, kamar saƙar zuma, sahu 5 za su shiga: 6, 5, 6, 5, 6. Jimla 28, wato lita 14. An ƙaru da gora huɗu ba tare da sayen sabuwar kula ba. Masana lissafi sun tabbatar cewa jerin farko yana cike kashi 78.5 cikin ɗari na fili, na biyu kuma yana iya kaiwa kashi 90.7. Wannan dabara tana aiki ne idan gorunan girmansu ɗaya, saboda haka a tara iri ɗaya.

To babbar gora fa? A ce ta lita ɗaya da rabi faɗinta santimita 9 ne. Guda 12 za su shiga, lita 18 ke nan, muddin kular tana da zurfin da zai ɗauki tsayinta. Ta fi cin kaya, amma tana da illa biyu: ta fi jinkirin yin sanyi har tsakiya, kuma duk buɗewa ɗaya ana shigar da iska da ƙwayoyin cuta. Babba ta gida ce, inda za a shanye a zama ɗaya. Ƙarama ta sayarwa ce.

Nau'in abin sha ma yana da hukunci. Zoɓo yana da tsami sosai, tsamin yana rage wa bakteriya da yawa ƙarfi, ko da yake bai hana yis ba. Kunun aya ba shi da wannan kariya, ga maiƙo ga zaƙin dabino, shi ya sa yake riga kowa lalacewa. A sa shi a ƙananan goruna, a ba shi wuri mafi kusa da ƙanƙara, a fara sayar da shi.

Kashi na huɗu: ƙa'idojin cikawa

- A wanke gora da murfinta da ruwan ɗumi da sabulu da burushi, a kula da zaren murfi inda datti ke maƙalewa, a kife ta bushe. Wadda ta karce, ta yi hazo ko take wari, a jefar.
- Kada a zuba abu mai zafi a gorar lamba 1. Tana fara laushi a wajen digiri 70. A bari ya huce a rufaffiyar tukunya.
- A bar sarari kamar yatsu uku a sama. Ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, saboda haka kada a sa cikakkiyar kwalbar gilashi a firiza.
- A ajiye su a tsaye, a inuwa. Inda babu ƙanƙara, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani tana rage zafi. Malam Muhammad Bah Abba, wanda malamin makaranta ne a jihar Jigawa a lokacin, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa wannan dabara. Ta fi aiki a rani, kuma ba ta kai firji ba.

Gwaji

Ku sami gora biyu iri ɗaya. Ku zuba wa kowace ruwan ɗumi zuwa rabi, da cokali biyu na sukari da rabin cokali na yis. Maimakon murfi, ku sa balan-balan a bakin kowace. Ku ajiye ɗaya a wuri mai ɗumi, ɗaya cikin ruwan ƙanƙara. Bayan awa ɗaya ku auna kewayen kowane balan-balan da zare, ku rubuta sakamako. Kada ku yi gwajin da kwalbar gilashi a rufe, kada kuma ku sha abin ciki.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu yis ke fitarwa idan ya ci sukari?
2. Me ya sa gorar lemo ta fi jarka jure matsi?
3. Kula mai tsawon santimita 50 da faɗin 30 za ta ci gora nawa masu faɗin 6.5 a kowane irin jeri?
4. Me ya sa kunun aya ke riga zoɓo lalacewa?

Kammalawa

Mai ƙaramin wuri ya zaɓi ƙananan gorunan lemo masu girma ɗaya, ya jera su kamar saƙar zuma, ya dafa iya abin da sanyinsa zai riƙe kuma zai ƙare a yini. Gora mai kyau tana jure matsi ne kawai, ba ta hana tsami. Sanyi da tsafta ne ke jinkirta shi. Idan kun koma gida, ku yi wa iyayenku mata da yayyenku masu wannan sana'a bayanin abin da kuka koya, ku fara da gargaɗin gorar maganin feshi.