Ƙarfen da ka gani a hoton kafaɗarka ba mantuwa ba ne

Na gaji da ganin mutum ya shigo da hoton ƙashi a hannu, rai a ɓace, wai likita ya manta ƙarfe a kafaɗar ɗansa. In ka tambayi wa ya faɗa, sai a ce mai ɗaukar hoto ne a wani shago, ko kawun yaro da ya ɗaga hoton a hasken rana ya yanke hukunci. Jama'a, ba a rufe aiki sai an ƙirga almakashi da allurai da auduga, an tabbatar abin da aka shigo da shi ya cika. Wanda kuke gani da gangan aka sa shi, da kuɗinku ma aka saya.

Yawanci waɗanda ake yi wa aikin matasa ne da kafaɗa ke yawan goce musu. Gurbin da kan ƙashin hannu ke zaune a ciki ba shi da zurfi, wani leɓen guringuntsi ne ke tare shi. Gocewar farko takan yage leɓen, daga nan ko riga mutum ya ɗaga hannu zai sa, sai ta fita. Wani likitan Ingila, Bankart, ya bayyana raunin tun 1923.

A yau sau da yawa ba a tsaga kafaɗar. Huda biyu ko uku ake yi, kowace kamar santimita ɗaya. Ta ɗaya a zura kyamara mai kaurin milimita 4, ana tura ruwan gishiri don gaɓar ta buɗe, likita na kallo a allo. Ta sauran a shigar da na'urar da ke aske yagaggen nama, da abin huda ƙashi, da abin zura zare. Sai a kafa 'yar ƙusa mai ɗauke da zare a cikin ƙashi, a ɗaure leɓen a jikinta kamar akuya a turke. Ita ce ta fito a hoto. In bakin gurbin ya zaizaye sosai, sai aikin Latarjet, na wani likitan Faransa tun 1954: a yanko guntun ƙashi daga gaban allon kafaɗa, a kafe shi a wurin da dogayen ƙusoshi biyu.

Wai ƙusar za ta yi tsatsa. Taitaniyam da ake yin ta da shi ba ƙarfen kwanon rufi ba ne, ba ya tsatsa a jiki. Wai tana jawo tsawa da damina, wai tana sa ciwon daji, wai ba a shiga na'urar MRI da ita. Duk babu. Ana shiga, a dai sanar da ma'aikatan tukuna. Wasu ƙusoshin ma na roba mai tauri ne, ba sa fitowa a hoto, wasu kuma jiki ke narkar da su a hankali. Har na ga wanda ya zo da fushi don bai ga komai a hotonsa ba, wai an cuce shi!

Abin tsoron yana hannunku. Ƙusa riƙewa kawai take yi, naman sai ya yi kamar wata uku kafin ya kama ƙashi. Amma da yaro ya ga 'yan hudojin sun warke, sai ya jefar da abin rataye hannu da aka ce ya riƙe mako 4 zuwa 6, ya hau babur, ya ɗauki jarka. Ciwo na tashi, sai a kai shi wurin mai ɗori a ja a murɗa. Ku ji ni da kyau: ƙusar ƙarfe in ta tumɓuke cikin gaɓa, kankare guringuntsi take yi, shi kuwa ba ya sake tofowa. Kafaɗar da aka yi wa tiyata, masu gashin ƙashi na asibiti kaɗai za su motsa ta.

Akwai ƙarfe ɗaya da ba a bari: santsiyar waya da ake sokawa a wasu karaya. Tana iya tafiya, an sha samun ta ta kai ƙirji. In ita aka sa, ranar cirewa ba ta ɗaguwa ko da biki ake a gidan. Don haka kafin sallama a sa likita ya rubuta abin da ya sa, na zama ne ko na cirewa. Zazzaɓi, mugunya, ko ƙarar gugar ƙarfe in an motsa hannu, a koma asibiti a ranar.