Darasin Kimiyya: Injin Babur a Jikin Ƙaramar Mota

Fanni: Fiziks, ajin babbar sakandare

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya abu uku. Ya iya lissafa rabon ƙarfin inji da nauyin abin hawa. Ya bambanta ƙarfin murɗa da ƙarfin doki. Sannan ya bayyana matsalolin da ke tasowa idan aka ɗauke inji daga babur aka dasa shi a mota don tseren daji.

Gabatarwa

A buɗe littafin rubutu, yau akwai lissafi.

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Wambai da hantsi ya ga A Daidaita Sahu an lafta masa dilar gwanjo ko buhunan takalma, yana nishi kafin ya tashi. Injin da ke jan wannan kaya ɗan'uwan injin babur ne: silinda ɗaya, cc 200 ko ƙasa kaɗan, ƙarfinsa wajen doki 10. An fara ganin keken nan da yawa a Kano zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ya kuma mamaye gari bayan hana acaɓa a watan Janairun 2013. Ke nan ɗora wa injin babur gangar jiki mai kujeru da rufi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tseren daji ma ya taɓa zuwa ƙofar gida. A 1974 motocin tseren da suka taso daga Landan suka keto Sahara har Kano, sannan suka juya zuwa Munich ta Jamus, kuma Citroën DS ce ta lashe. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda aka kammala a Janairun 1979, ya ratsa Agadas da Yamai.

Tambayar darasinmu ita ce: yaya inji ƙarami yake sa mota ta tsere wa wadda injinta ya ninka shi girma?

Mataki na ɗaya: turi da nauyi

Isaac Newton ya wallafa dokokinsa na motsi a 1687. Ta biyu ita ce tushen aikinmu:

turi = nauyi × ƙaruwar gudu

Idan muka juya ta, ƙaruwar gudu ita ce turi a raba da nauyi. Hanya biyu ke nan ta sa mota ta zabura: a ƙara turi, ko a rage nauyi. Injiniyoyi suna auna wannan da rabon doki a kan tan guda, wato kilo 1,000. Mu ɗauki misalai huɗu, da alƙaluman da aka daidaita don sauƙin lissafi.

1. A Daidaita Sahu mai doki 10. Nauyinsa wajen kilo 350, direba kilo 70, jimla 420. Rabo: 10 ÷ 0.42, kusan doki 24 a kan tan.
2. Keken nan dai da fasinja uku masu kilo 70 kowanne. Jimla 630. Rabo: kusan doki 16. Injin bai canza ba, amma sulusin kuzarin ya tafi.
3. Motar gida mai doki 120 da nauyin kilo 1,200. Rabo: doki 100.
4. Motar tsere ta bututun ƙarfe, kilo 500 har da direba, ɗauke da injin babban babur mai doki 170. Rabo: doki 340.

Injin misali na huɗu yana nan a kasuwa. Babur ɗin Suzuki Hayabusa da ya fito a 1999 yana da cc 1,299 da doki wajen 170, kuma injin tare da giyabos ɗinsa bai kai kilo 100 ba. Yanzu a ɗauki injin nan a saka a motar misali na uku. Rabon zai sauko zuwa kusan doki 142. Ribar ta zube ƙasa da rabi, domin sirrin yana ga rashin nauyin jikin.

Ku lura da wani abu kuma. A tseren daji ana zama mutum biyu, direba da mai karanta masa hanya. Kilo 70 na mutum na biyu ya kai kashi 14 cikin 100 na mota mai kilo 500, amma bai kai kashi 6 na mai kilo 1,200 ba. Mota maras nauyi tana jin kowane kilo, har da na safayar taya da na man da ke tanki.

Wannan lissafin bai tsaya ga motoci ba. A 2007 wani ɗalibin fiziks na Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic mai doki 133, ya kuma ɗaga shi wajen mita 2 daga ƙasa. Abin da ya fuskanta shi ne abin da ke gabanmu: doki nawa ne za su ɗauki kilo nawa.

Mataki na biyu: ƙarfin murɗa da ƙarfin doki

Nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, don haka a natsu.

Ƙarfin murɗa shi ne turi a ninka da tsawon hannu. Idan bakanike ya danna sifana mai tsawon rabin mita da turin Newton 200, ya murɗa noti da Nm 100. Haka fistin yake murɗa karanshaf a cikin inji. Ƙarfin doki kuwa yana nuna yawan aikin da inji ke yi a cikin daƙiƙa, kuma doki ɗaya daidai yake da wat 746. Ga yadda suke haɗuwa:

kilowat = ƙarfin murɗa × juyi a minti ÷ 9,550

Inji na farko, na mota, yana ba da Nm 150 a juyi 5,000 a minti. Lissafi: 150 × 5,000 ÷ 9,550 = kilowat 78.5, wajen doki 105.

Inji na biyu, na babur, yana ba da Nm 75 kacal, amma a juyi 10,000. Lissafi: 75 × 10,000 ÷ 9,550 = kilowat 78.5.

Amsa ɗaya ce. Injin babur yana rama ƙarancin murɗarsa da saurin juyi. Yana iya yin haka saboda fistin ɗinsa ƙanana ne marasa nauyi, kuma tafiyar da suke yi sama da ƙasa gajeriya ce.

Giya ita ce ke mayar da saurin juyi ya zama murɗa. Idan ƙaramar giya mai haƙori 15 tana juya babba mai haƙori 30, juyi ya ragu da rabi, murɗa ta ninka. Inji na biyu zai fito da Nm 150 a juyi 5,000, daidai da na farko. To ina matsalar? Tana wurin tashi daga tsaye. Kafin injin babur ya kai juyin da ƙarfinsa ke fitowa, yana da rauni, kuma ƙafar da ke ajiye masa juyi ƙarama ce, don haka yana saurin mutuwa. Direba sai ya taka totur ya riƙa sakin kuloci a hankali. Kulocin da aka yi wa babur mai kilo 250 yanzu yana fama da ninki biyu na wannan nauyi, sai ya yi zafi ya cinye. Magani shi ne a sa masa sifirin masu tauri, a kuma sauko da giyar ƙarshe. Za a rasa wani abu na ƙololuwar gudu, amma a hanyar burji mai yawan kwana zabura ta fi amfani. Yawan ƙara ba ya kai mota ko'ina, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mataki na uku: abin da babur bai saba da shi ba

Na farko, baƙin mai. Mai babur yana kwantar da babur idan zai sha kwana, don haka mai yana zaune daram a gindin inji inda famfo ke zuƙarsa. Mota ba ta kwanciya. Ku tuna bokitin ruwa da aka ɗora a bayan keke: da an karya kwana ruwan zai taru gefe guda. Haka man yake yi, famfo ya zuƙi iska maimakon mai. Inji mai juyi 10,000 a minti yana juyawa sau 166 da ɗoriya a kowace daƙiƙa, don haka 'yan daƙiƙoƙi ba mai sun isa ya buga. Ana magance wannan da faranti mai ramuka da ke tare man a cikin kaskonsa, ko a ware wa mai tanki na daban da famfo na musamman.

Na biyu, zafi. Daga kuzarin da ke cikin fetur, wajen sulusi ko ƙasa da haka ne ke zama motsi, saura zafi ne da ke fita ta salansa da jikin inji. Injin babur ɗin Boxer yana da fukafukan ƙarfe a kan silinda, iskar hanya tana hura su. Da zarar an rufe inji a cikin bodi, iskar ta yanke. Shi ya sa injin keke yake da fanka, shi ya sa kuma motar tsere take bukatar lagireto da ya fi na babur girma. A Kano cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, tazarar da ke tsakanin zafin lagireto da na iska ta ragu, sanyaya inji ya ƙara wuya.

Na uku, ƙura. Inji mai cc 1,300 yana zuƙar iska sau ɗaya a kowane juyi biyu. A juyi 10,000 wannan ya kai lita 6,500 a minti guda. Ku auna wannan a hanyar ƙauye cikin hunturu, a bayan wata motar. Yashi idan ya wuce matacin iska ya gauraya da mai, zai goge ringi da bangon silinda. Dole matacin ya zama babba, a ɗaga bakinsa nesa da taya.

Na huɗu, raba juyi. Babur taya ɗaya yake turawa, mota biyu. A kwana, tayar waje tana yin tafiyar da ta fi ta ciki. Idan tsakanin tayoyin mita 1.4 ne, aka sha kwana ta digiri 90, bambancin shi ne 1.4 × 3.14 ÷ 2, wato mita 2.2. Giyar da ke tsakiyar aksul ita ke barin kowace taya ta yi nata gudun. Ana kai mata juyi da sarƙa idan inji yana baya, ko da farfela idan yana gaba.

Na biyar, ribas. Yawancin babura ba su da shi, domin mahayi yana ja da ƙafa. Motar da ta kauce hanya ta shiga rami kuwa sai da ribas. Ana ƙara mata ƙaramin giyabos, ko injin lantarki irin na kunna inji. Kowane ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan biyar yana da nauyi, kuma wannan nauyin zai koma cikin lissafin mataki na ɗaya.

Mataki na huɗu: shaida daga tarihi

A 1946, a Ingila, Charles Cooper da ɗansa John suka haɗa ƙaramar motar tsere da injin babur na JAP mai cc 500. Saboda sarƙa ce ke kai juyi ga tayoyin baya, sai suka ajiye injin a bayan direba. Nauyi ya taru a tsakiya, motar ta fi saura iya kwana. Da wannan tsari kamfaninsu ya lashe gasar Formula 1 a 1959 da 1960 da direba Jack Brabham, daga baya sauran kamfanoni suka bi sahu. A Jamus, BMW ta fitar da Isetta a 1955 da injin babur ɗinta mai cc 247 da doki 12, kusan ajin A Daidaita Sahu. A yau ƙananan motocin tseren burji na Turai da ake horar da matasan direbobi da su suna amfani da injin babur.

Mataki na biyar: tsayawa da kariya

kuzarin motsi = ½ × nauyi × gudu × gudu

Mota mai kilo 500 a gudun kilomita 50 a awa tana ɗauke da jul 48,000. A kilomita 100 ya kai jul 193,000. Gudu ya ninka biyu, kuzari ya ninka huɗu, kuma birki ne zai mayar da shi duka zafi. Idan birki ya kasa, jikin mota ne zai shanye shi. Don haka akwai wuraren da ba a rage nauyi: kejin ƙarfe da ke kewaye da direba, bel, hular kwano, katangar da ke raba tankin mai da mutum, da na'urar kashe gobara. Waldar kejin aikin gwani ce, ba a ba ɗan koyo. Gwaji kuma a killataccen fili ake yinsa da izinin hukuma, ba a titin da 'yan dako da masu talla ke ketawa ba.

Taƙaitawa

Zaburar mota tana bin rabon doki da nauyi. Injin babur yana samun dokinsa daga saurin juyi, giya kuma ita ke mayar da shi murɗa. Dashen yana cin riba ne idan jikin motar ba shi da nauyi, kuma an tanadi mai, sanyi, tace iska, raba juyi, ribas da birki.

Aikin gida

1. Mota mai kilo 450 tana da doki 120. Lissafa rabonta ita kaɗai, sannan da mutum biyu masu kilo 70 kowanne.
2. Inji yana ba da Nm 60 a juyi 12,000. Kilowat nawa ke nan, kuma doki nawa?
3. Sufuroket, wato giyar sarƙa, na gaba yana da haƙori 14, na baya 42. Idan Nm 90 ya shiga, nawa zai fita?
4. Bayyana dalilin da ya sa inji ke rasa mai a kwana idan yana cikin mota, amma ba ya rasawa a babur.
5. Ku kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya nemi izinin wani maigidan gareji, ya ƙirga haƙoran sufuroket biyu na babur guda, ya lissafa rabonsu. A kawo amsa ranar Litinin.